Kariyar Da Ba Ta Ɗaukar Komai Sai Iska

Akwai wata ƙabila da ta ɓulla a Amurka wadda tsagarta a kan rufin mota take. Su ne masu ƙananan motocin lantarki na “shiga daji”. Motar ’yar gajera ce, an ɗan ɗaga mata ƙafa, an sa mata tayoyi masu kaushi, a talla kuwa kullum za ka gan ta a bakin tafki ko gindin dutse, ba kowa kusa sai wani mai gemu yana dafa gahawa. Kamfanin Rivian na jihar Kalifoniya a kan wannan mafarki ya gina sunansa. A watan Maris na 2024 ya nuna ƙaramar motarsa R2, ya ce kuɗinta zai fara daga wajen dala 45,000, kuma za ta haura kilomita 480 kafin ta nemi caji. Volvo ma ta shigo sahu da EX30 Cross Country. Sai dai a idon ɗan ƙabilar nan, mota duk kyanta tsirara take muddin ba a ɗora mata kariya ba.

Zaɓen kariyar kuwa ba aikin yini ɗaya ba ne. Mutum zai shafe makonni yana hana kansa barci. Thule zai saya, kamfanin Suwidin da aka kafa tun 1942, ko Yakima ta gida? Sanduna biyu za su isa, ko sai an shimfiɗa faffaɗan faranti na alminiyum, ko kwando, ko doguwar akwatin nan mai kan kifi? Sandar ma iri-iri ce. Mai kusurwa huɗu ta fi araha, amma da an taka mota take fara fito. Wadda aka fiƙe kamar fiffiken jirgi ba ta da surutu sosai, sai dai kuɗinta ne ke ihu. Ga maganar rufi: yawancin motocin nan rufinsu gilashi ne, ba a matse ƙarfe a duk inda aka ga dama, sai a ’yan wuraren da kamfani ya tanada. Duk wannan ilimi mutumin zai haddace shi. Tambaya ɗaya ce ba ya yarda a yi masa, ita ce me zai ɗora.

Abin da ke ba ni dariya shi ne wahalar da injiniyoyi suka sha kafin motar ta iso hannunsa. Motar lantarki ba ta da wadatar ƙarfin da za ta yi almubazzaranci da shi. Batir mai awon kilowat 75, duk nauyinsa, ƙarfin da ke cikinsa bai wuce na lita takwas zuwa tara na fetur ba. Abin da ke kai ta nesa tsimi ne. Shi ya sa aka cusa mariƙin ƙofa cikin jiki, aka toshe hancin motar, aka shafe cikinta sumul, aka rufe ƙafafun taya, duk don iska ta zame ta wuce ba gardama. Mutane masu digiri bibbiyu sun yi shekaru a ɗakin gwajin iska suna faɗa a kan kaurin madubin gefe. Sai ga mai gida ya zo ranar Asabar da sifana, ya kafa mata rumfa a ka. Ana tufka, ana warwara.

Iska kuma ba ta yafiya. Idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyarta sau huɗu take ninkawa. Ma’aikatar Makamashi ta Amurka ta ce babbar akwatin kan rufi tana iya cinye kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari na mai a cikin gari, amma a babbar hanya, inda ake gudun kilomita 105 zuwa 120 a awa, asarar takan kai kashi 10 zuwa 25. Lissafin motar fetur ne, amma iska ba ta tambayar me injinka yake sha. Cire kashi ɗaya cikin huɗu daga kilomita 480, ka ga kilomita 120 sun tafi ba ko sallama. Mai motar fetur zai tsaya minti biyar a gidan mai ya manta. Mai lantarki kuwa zai zauna rabin awa a wurin caji, a bayan wani kanti, yana cin dankali a takarda yana kallon kariyarsa ta gilashin rufi. Wannan fa mutumin da ya ƙara dubban daloli ne don a ba shi babban batir.

Wani ɗan kawuna da ke zaune a jihar Kolorado ya shiga ƙabilar. Ya kira ni ta bidiyo, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya juya kyamara.

“Yaya, duba nan. Na haɗa ta.”

Na duba. Ga faranti baƙi wuluk daga goshin mota har ƙeya. A gefe ɗaya an ɗaure shebur, takardar farashi na nan manne a bakinsa, ko ƙasa bai taɓa sansana ba. A ɗaya gefen wasu faifai biyu ne ruwan goro masu haƙora, waɗanda ake sa wa ƙarƙashin taya idan mota ta kafe a yashi. Sai tanti a naɗe a tsakiya, da ɗan tsaninsa. Can ƙarshe kuma jarka.

Na ce, “Malam, jarka a kan motar lantarki? Wutar ce kake ɗurawa a ciki?”

Ya ce ta ruwa ce. Na ce ya girgiza ta in ji. Ya ce ai bai cika ta ba tukuna, saboda nauyi.

Gaskiyarsa ta nan. Rufin irin waɗannan motoci yawanci kilo 75 aka yarda ya ɗauka idan ana tafiya, kuma nauyin ita kanta kariyar yana cikin lissafi. Tantin rufi shi kaɗai yakan haura kilo 50. Ka haɗa da faranti da shebur da faifai, abin da ya rage bai kai na buhun gawayi ba. Wato kariyar ta ƙoshi da kayan adonta tun kafin kayan tafiya su zo. Idan mota a tsaye take rufin yana jure fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa mutum biyu ke iya kwana a sama, in har an je inda za a kwana ɗin.

Na tambaye shi wane daji ya shiga. Ya ce ana jiran zafi ya ragu. Uwargidansa ce ta leƙo ta bayansa ta ce, “Yaya, ka tambaye shi gareji.” Ashe ƙofar garejin gidajensu ƙafa bakwai ce, motar da tantinta kuwa ta wuce haka. Na’urar caji tana cikin gareji. Yanzu mota a waje take kwana, an zuro wayar caji ta ƙarƙashin ƙofa, garejin kuma ya koma ɗakin ajiye kwalayen da kariyar ta zo a ciki.

Kada a ce shi kaɗai ne. Wasu masu bincike na cibiyar Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya sun yi lissafi a 2016, suka gano cewa a shekarar 2015 kariyoyin kan rufi sun sha wa Amurka galan miliyan 100 na fetur, kusan kashi 0.8 cikin ɗari na abin da ƙananan motocin ƙasar suka ƙona. Kuma yawancin tafiyar da kariyoyin ke yi, fayau suke yin ta, ba komai a kai. Daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa kanti, ana ta jigilar iska. Zamanin korona, da aka kulle mutane a gida kowa ya fara mafarkin daji, abin ya ƙara bunƙasa. Har taron baje-koli suke yi a garin Flagstaff na Arizona, inda dubban mutanen da ke gudun cunkoso ke haɗuwa su yi cunkoso.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ranar kasuwa ya ga yadda ake ɗaure wa tsohuwar Fijo 504 kaya zai ji abin wani iri. Buhunan albasa, katifa, keke, kwandon kaji, a bi da igiya da robar taya, yaron mota ya ja igiyar sau biyu ya ce, “Oga, ta ɗauru.” Ba yabon lodin ganganci nake yi ba, ya kifar da motoci da yawa, ya kuma ci rayuka. Amma waccan kariyar ko ba komai ta ci guminta. Ba wanda ya taɓa kafa ta don maƙwabci ya gani.

Dabarar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Wanda da gaske kaya zai ɗauka, akwai kariyar da ake maƙalawa a bayan mota, inda iska ta riga ta wuce. Ma’aikatar Makamashin nan ta ce asararta a babbar hanya kashi 1 zuwa 5 ce kawai. Da yawa daga motocin ma suna da but a gaba, wurin da injin fetur yake zama a da. Wanda kuma kwale-kwale ko katakon sulun ƙanƙara zai ɗora, dole sai sama, to ya sayi sanduna biyu masu siffar fiffike, ya dawo daga tafiya ya kwance su, aikin ’yan mintuna ne. Na faɗa wa ɗan kawun nawa haka. Ya yi shiru, sannan ya ce ta baya ba ta fitowa a hoto.

Kiran da ya yi mini na baya-bayan nan shawara yake nema. Farantin yana yi masa kuwwa a kunne da zarar ya hau babbar hanya, don haka ya sayo wani allon roba da ake kafawa a gabansa ya kare iska. Allon ya rage kuwwar, amma ƙafafunsa suna goge fenti, don haka ya yi odar wata leda ta musamman da ake mannawa a ƙarƙashinsu. Yanzu abin da ya hana shi barci shi ne rana tana sa shebur ɗin ya koɗe, kuma ya ga riga iri biyu da ake sayarwa don shebur, baƙa da ruwan ƙasa.