Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwaggo PS2, Kusurwar Gidan Gem, Zungeru

Gwaggo,

Ina yi miki sannu da aiki, don na san barka da hutawa ba gaisuwarki ba ce. Ya ƙura? Ya zafin garin namu? Ya kuma ciwon idon nan naki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa? Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani labari da ya iso mana wanda bai yi mana daɗi ba. An ce a Turai da Amurka, har da ƙasarku ta haihuwa Japan, sa'o'inki duk sun ajiye aiki. Wai akwai masu tara tsofaffin kayan gem da ke bi gida-gida suna saye, a goge ku tas, a jera cikin durowar gilashi, yaro ya miƙa hannu a buge masa. Har gwanjo ake yi, amma irin wanda kuɗi ke hawa. A watan Yulin 2021 an sayar da wani kaset na maƙwabtanku 'yan gidan Nintendo, mai suna Super Mario 64, a kan dala miliyan 1.56, saboda kawai ba a taɓa ɓare ledarsa ba. Wata guda bayan nan wani na Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2. Kaset ɗin da ba wanda ya taɓa bugawa, ba kuma wanda zai buga! Mu da muka tashi muna hura wa bakin kaset iska har da yawu kafin ya yarda ya tashi, wannan ciniki ya fi ƙarfin lissafinmu. Tsoronmu ɗaya ne, kada zancen ya zo kunnenki ranki ya biya.

Ki tsaya ki ji daga bakin mutanen Zungeru, don babu wanda ya kai mu sanin abin da ke samun tsohuwar hedikwata. Daga 1902 zuwa 1916 nan ne Gwamna Lugga da magadansa suka zauna suna juya Arewa baki ɗaya. Nan aka haifi Azikiwe a 1904, nan aka haifi Ojukwu a 1933. Da Kaduna ta samu, aka kwashe ofisoshi da ma'aikata aka yi gaba, aka bar mana kufai da ginshiƙan bulo a cikin ciyawa. Hatta 'yar gadar ƙarfen da Lugga ya kafa, sai da aka kwance ta, a 1954 aka sake dasa ta a wani lambu a Kaduna, inda masu yawon shan iska ke tsayawa su ɗauki hoto. To durowar gilashin da ake kwaɗaita miki ke nan. Gada ce har yanzu, amma ba wanda ke bi ta kanta zuwa gona ko kasuwa.

Ke ma kin yi zamaninki na mulki, ba mu manta ba. Ranar 4 ga Maris 2000 kika fito a Japan, aka sayar da ke fiye da miliyan 155, kika riƙe kambun na'urar gem da aka fi saya a duniya shekara da shekaru. A farkon 2013 kamfanin Sony ya daina ƙera ki. Abin dariya, a wannan shekarar ce aka aza harsashin dam ɗinmu na Zungeru a kan Kogin Kaduna, mai megawat 700. Ga Shiroro a sama da mu, ga Kainji ga Jebba, har ana yi wa jiharmu kirari da jihar wuta. Duk da haka ban san wata na'ura da ta san muryar ƙaramin janareta kamar ke ba, kuma ba ki taɓa yin ƙorafi ba. 'Yar siririyar nan taki da ta fito a 2004 ko wutar tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ba ta sha. A haɗa ki da talabijin mai ƙusumbi da fanka ɗaya, inji ko tari ba ya yi.

Kada ki ɗauka mu ba ma tara ku. Muna tarawa, sai dai ki leƙa ƙarƙashin teburin mai gyara ki ga irin namu tarin. Gawarwakin 'yan'uwanki ne jibge, wata ba murfi, wata ba fanka, wata an yashe cikinta sai ƙwarya. Mai gyara ba ya yar da ko kusa ɗaya. Idon wannan zai koma jikin waccan, belin waccan zai tashi wata, kuma ya san kowace gawa da abin da ya rage a jikinta ba tare da ya rubuta ba. In kika duba da kyau, Gwaggo, ke kanki ba ke kaɗai ba ce a cikin wannan baƙar rigar. Fankarki ta wata ce da ta mutu a hannun ɗaliban Poli, tirenki na wata 'yar gwanjo ce da ta sauka a Alaba ta hau tirela zuwa Arewa. Masu durowar gilashi suna neman wadda ba a taɓa buɗewa ba. Mu kuwa wadda ta sha sukundireba ta rayu ita muke ganin girmanta.

Zancen ido dai dole mu yi shi, ko da ba kya so. Da hunturu ya kama, ƙura ta shige ki, sai a sa faifai shago ya yi tsit. Ga duhun allon nan da ginshiƙai ke shawagi a ciki, ga ƙarar faifai yana juyawa, ƙyat, ƙyat, kina lalube. Yaro ya riga ya biya kuɗinsa, ya dafe ƙirji, wani yana salati a hankali. Ko sunanki ya bayyana a yi shewa, ko ki watso mana jan allon nan mai cewa a sa miki faifai na gaskiya, alhali kin san tunda kika zo ƙasar nan ba ki taɓa haɗa ido da faifan da ya san hanyar Japan ba. Nan mai shago zai ciro faifan, ya huci bayansa, ya goge da gefen riga, ya mayar. In kin ƙi, a tsayar da ke a tsaye. In kin ƙi, a kifar da ke, dabarar da muka gada tun zamanin mahaifiyarki PS1. In duk kin ƙi, sai gaban mai gyara. Zai kwance ki, ya tsoma auduga a sifirit ya share ƙwayar idon, sannan ya nemo wata 'yar mitsitsiyar kusa a bayansa ya murza ta kaɗan don hasken ya ƙaru. Shi ya sani, ke ma kin sani, kowace murzawa tana rage wa idon kwana. Amma yau dai a buga.

Allah ya saka wa waɗanda suka ƙirƙiro Free McBoot a 2008. Su suka gano cewa 'yar memorin nan taki mai megabait 8 za ta iya buɗe miki wata ƙofa, daga baya aka samu manhajar da ke sa ki karanta wasanni daga filashi. Sai ga makauniya tana aiki fiye da masu ido. Illa dai bakin filashinki irin na dauri ne, mai sanyin jiki, shi ya sa in an zo wurin fim a God of War kike in'ina, Kratos ya ɗaga takobi ya tsaya yana tunani. Mun yafe.

Hannu ne ban yafe ba. Kowane gidan gem yana da hannu biyu a gabanki, ɗaya lafiyayye, ɗaya kuma an ɗaure wayarsa da salatif, sandarsa na janyewa hagu da kanta. R1 ya lotse saboda ba wanda ya yarda ɗan wasansa ya yi tafiya, sai gudu. Robar da ke ƙarƙashin X ta cinye, mai gyara ya goga mata bakin fensir ta farfaɗo na mako guda. Kuma duk ɗan unguwa ya san wane hannu ne wane, baƙo ne kaɗai bai sani ba. Kina kallo ana zaluntar baƙi shekara ashirin ba ki ce uffan ba.

Duk wannan ɗawainiya saboda me? Saboda ƙwallo. An buga San Andreas, an buga Mortal Kombat, an yi kokawa, amma abin da ya riƙe benci shi ne Winning Eleven na kamfanin Konami. Da Japananci ya zo mana, ba mu iya karanta ko harafi ɗaya ba, muka haddace shi da ka: sauka uku, danna da'ira, sauka ɗaya, danna da'ira. Mai sharhi Jon Kabira yana ta ihunsa, yaran Wushishi da Tegina suna maimaitawa ba tare da sun san ko zagi ne ba. Kuma a can muka ga abin alfahari. Tijjani Babangida, ɗan Kaduna da ya taka leda a Niger Tornadoes ta Minna kafin ya tafi Holan ya kai ga Ajax, shi ne Japanawa suka ba gudun da ba mai kamo shi tun a faifan mahaifiyarki. A ba shi ƙwallo a gefen dama, a danne R1, a rufe ido. Yara a Brazil da Indonesiya sun san sunansa ta dalilin gidanku, wasunsu ba su ma san ya ci zinare a Atlanta a 1996 ba.

Sai Adriano na PES 6, wato Winning Eleven da sunansa na Turai, wanda aka ba ƙarfin shot 99. Gwaggo, wannan mutum ya raba abokai. Sai da gidajen gem suka kafa doka ba tare da majalisa ba, cewa ba a ɗaukar ƙungiyarsa Inter Milan sai in duka biyun sun yarda, don daga tsakiyar fili yake sakin ƙafar hagu raga ta amsa. Ina kuma Castolo da Minanda, 'yan wasan da ba uwar da ta haife su, waɗanda muka fara Master League da su muna zaginsu, muna samun kuɗi muka sallame su ba ko sisin fansho? In kina da hanyar isar musu da saƙo, ki ce mun tuna da su.

PES 2014 ne na ƙarshe da kamfani ya fitar miki, amma ba a nan aka tsaya ba. A Brazil masu Bomba Patch sun ɗauki tsohon wasan suna sabunta sunaye da riguna duk kaka, wasu a wasu ƙasashen suka bi sahu. Shi ya sa mai shagonmu zai je Minna ya dawo da filashi, sai ga Osimhen da Lookman a allonki, fuska ta wani, gudu na wani, amma suna nasu ne. Yara ba su damu ba.

Akwai ƙarar da iyaye mata suka ce lallai in shigar. Kuɗin Laraba nawa kika ci wanda bai kai hannun malam ba? Canjin niƙa nawa? Yaro nawa aka aika sayen magi da la'asar ya dawo bayan isha'i ba magi ba kuɗi? Sun ce kin san lissafin. Ni dai ɗan aike ne. Sai shari'ar da har yau ba a yanke ba: in an ɗauke wuta a minti na 85, wani yana gaba da biyu da nema, wa zai biya? Wanda ake ci ya ce wasa ya tashi, a sake daga farko. Mai ci ya ce shaidu sun gani. Wani lokacin ma ba masu wuta ba ne, babban yatsan ƙafar wanda ake ci ne ya lallaɓa ya taɓa soket. Ke kaɗai kika ga komai, ke kuma ba kya ajiye wasan sada zumunta a memori.

Na san abin da ke cin ranki. An kawo jikarki PS4 an ba ta babban allo a gaban shago, an tura ki kusurwa wurin masu ƙananan canji. Tattaɓa-kunnenki PS5, da ta fito a Nuwamban 2020, sai a hoto yawancinmu muke ganinta. Tana shan wuta wajen wat 200, kuma kafin a buga sabon wasa sai ta sha data ta ƙoshi. Wata ƙanwarta ta fito a 2024 a kan dala 700, ko wurin sa faifai ba ta zo da shi ba. Ga rashin ladabi: ke kina karɓar faifan mahaifiyarki hannu bibbiyu, su kuwa a miƙa musu naki su ce ba su san shi ba. Amma ba su ne abin tsoro ba. Wayar hannu ce. Yanzu kowane yaro ya duƙa a kan Dream League ko eFootball shi kaɗai, a ci shi ba wanda ya gani, ya ci ba wanda ya yi masa shewa. A gabanki kuwa mutum biyu ke riƙe da hannu, goma na tsaye a baya suna koyar da su abin da su ma ba su iya ba, kuma wanda aka lallasa biyar da nema sai ya sauya hanyar zuwa masallaci kwana uku.

Saboda haka ga roƙonmu. Duk ranar da wani ya zo daga Abuja ko Legas da mota mai sanyi, ya ce zai saye ki ya ajiye don tarihi, ki nuna masa jan allo. Ya goge faifai, ki nuna masa. Ya sa filashi, ki yi shiru. Ya tafi, ki tashi mu ci gaba.

Sannan mai gyara ya ce in faɗa miki fankar nan ta fara kuka, kuma babu irinta a cikin gawarwakin da ke wurinsa. Ranar Asabar za a kai ki Minna. Mai shago ya ce kuɗin mota ya yi yawa, a babur za ku tafi, za a naɗe ki da tsohon zani saboda ƙurar hanya. A cire memori tukuna, don kakar Master League ta goma sha ɗaya tana ciki, kuma mai ita ya ce ko ƙwarzane ta yi sai an je gaban mai unguwa.

Haza wasalam.

Ɗanki,
Wani tsohon ɗan benci,
Bayan tashar jirgi, Zungeru.