Kallon Gari Daga Sama

A Dubai, mai son kallon gari daga sama sai ya sayi tikiti kafin lifta, wato na'urar ɗaga mutane cikin bene, ta kai shi hawa na 124 na Burj Khalifa, ginin da tsawonsa ya kai mita 828. A Kasuwar Kifi ta Baga Road kuwa, inda ake tara bandar Tafkin Chadi, wannan gata ya keɓanta ga ɗan dako, wanda yake darewa ƙololuwar kwalayen da ake loda wa motar Anacha, ya hangi Maiduguri shimfiɗe cikin darbejiya, ƙaurin kaya yana raka shi kyauta. Tsarin Baga Road ya fi adalci, domin a nan mai kallon ake biya.