Zuwa ga taubashina, daga birnin Rum

Ɗan kawu, bawana na gado. Ka gaishe da Inna, ka ce mata yajin ya iso. Na lura ƙullin ya ragu a hanya, kuma ta hannunka ya biyo.

Kai da kake cika baki babu kiɗan da ka rasa sani, zauna ka ji. Ranar hutu wani abokin aikina ya kai ni wani ƙaramin zaure inda mutum huɗu suka yi kiɗan Arkanjelo Korelli, wanda aka haifa a 1653, ya rasu a 1713. Kabarinsa na nan cikin ginin Fantiyon. Abin da suka kaɗa yana cikin littafinsa na biyu, wanda aka buga a Rum a 1685, kiɗa 12 na zauren manya, ga goge biyu da masu rakiya.

Gogensu tsirkiya huɗu gare shi, ta hanjin tumaki, ana goga ta da baka mai izgar doki. Kafin a fara sai da suka daɗe suna murɗa tsirkiya, don hanji ba ya jure ɗumin ɗaki. Da kana wurin, na san a nan za ka tafa, ka ce an gama.

Kusan kowane kiɗa jerin raye-raye ne: a buɗe a hankali, sai alamanda mai tafiyar ƙasaita, sai koranta mai sauri ko sarabanda mai nauyi, wani lokaci a rufe da jiga. Ba wanda ya tashi rawa, kowa na zaune shiru. Kai da ƙafarka ba ta jin magana, da tuni an nuna maka ƙofa.

Goge biyun nan, wallahi ni da kai ne. Ɗaya ya faɗi magana, ɗayan ya bi shi ya ƙara gishiri. Wani lokaci na farko ya riƙe sauti ya ƙi saki, na biyu ya matso dab da shi har kunne ya ji sun gwabza, sannan ɗaya ya sauko taki guda a shirya. Korelli ya ƙware a wannan tsokana, kuma duk sanda suka shirya sai na ji sanyi a ƙirji.

Amma masu rakiya su suka tafi da hankalina. Ɗaya na rungume da ƙaton goge tsakanin gwiwoyi, ɗayan na zaune gaban cambalo, akwati mai maɓallai kamar fiyano, sai dai shi tsinkar tsirkiya yake yi. Na leƙa takardarsa bayan an tashi: layin ƙasa kaɗai aka rubuta masa, da ƴan lambobi, 6 nan, 7 can. Sauran duk da kansa yake cikawa nan take. A kiɗa na 12, wato cakona, sauti huɗu masu gangarowa suke ta maimaitawa, gogunan na ta wasa a kai, su kuwa ko gezau.

Zan turo maka ta WhatsApp. Ka saurara da abin kunne, ba a tsakiyar majalisa ana gardamar ƙwallo ba, kuma ka bi sautin ƙasa. Kuɗin shara na bana kuwa kada ka ce nisa ya yafe maka, ka damƙa wa Inna.

Naka, uban gidanka na Rum.