Jif Mai Ƙafa Biyu

A kasuwar Dandume ban taɓa sayen buhun masara ban soka masa ƙarfe a tsakiya da gindi ba, don na san halin masu zuba ƙaiƙayi a ƙasa su lulluɓe da mai kyau a sama. Bijimi kuwa sai na buɗe bakinsa na duba haƙora, na sa an zagaya da shi na ga ko yana ɗingishi. Amma ranar da na je Kaduna sayen mota, cikin Disamban 2022, da kuɗin masara buhu 130 da waken suya buhu 40 a asusuna, ko durƙusawa ban yi na leƙa ƙarƙashinta ba. Sabuwar shadda ce a jikina, fara fat, ta sha sitaci, kuma tun daga bakin ƙofa dillalin yake kirana Alhaji. Ni da ko Abuja ban taɓa wucewa ba.

In a majalisa aka tambaye ni abin da ya kai ni, sai in ce hanyar gona. Gonata tana can bayan Bakori, kuma tsofaffi sun ce rabon hanyar da ganin gireda tun zamanin aikin gona na Bankin Duniya da aka fara a Funtua cikin shekarun 1970, wanda ya shimfiɗa burji zuwa ƙauyuka. Da rani ƙura, da damina caɓi, ƙaramar mota ba ta shiga. Wannan gaskiya ce. Sauran gaskiyar ita ce maƙwabcina ya sayi mota, kuma kullum da safe sai ya ɗumama ta minti ashirin daidai saitin tagata.

Motar Toyota RAV4 ce ƙirar 2008, ruwan toka, da safaya goye a ƙofar baya kamar jariri. A wajenmu duk motar da ta ɗan ɗaga daga ƙasa jif ce, ko da a cikin jif-jif ita ce auta. Dillalin ya buga bayanta da tafin hannu inda aka rubuta 4WD, ya ce, "Alhaji, fowil ce, ƙafa huɗu ke ja. Lambar huɗun da ke jikin sunanta ma abin da take nufi ke nan. Ba ta taɓa shan man Najeriya ba. Wata tsohuwa ce ke hawanta a Amurka, daga gida sai coci." Daga baya na lura duk motar da ke filin ta tsohuwar nan ce. Allah kaɗai ya san yawan cocin da take zuwa.

Ya ce 'yar Kwatano ce. Na tuna gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa tun ranar 1 ga Janairun 2017, na buɗe baki zan yi tambaya, sai ya miƙo mini takardun kwastan da hannu biyu ya sake cewa Alhaji. Na rufe bakina. Mita ta nuna mil 89,000. Na tayar, na taka totur sau biyu, na karkata kai kamar mai jin yaren inji, na biya.

Gaskiya ɗaya ce, watannin farko mota ta yi mini abin da nake so. Tana da tsayi, ramin da ke sa ƙananan motoci su yi ta laɓe-laɓe ni tsallake shi nake yi ina sauraron rediyo. In aka kwantar da kujerun baya tana ɗaukar taki buhu shida ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ba a gaya mini ba shi ne jif tana da haraji. Mai tumatirin da ya saba ba ni gyara ya daina. Mai faci ya ƙara mini naira ɗari, da na yi magana ya ce ai tayar manya ce. Cikin wata biyu na kai amare huɗu, ɗaya har Kafur, ba wadda na san ubanta. Wani ɗan uwa ya zo har gida ya tambaye ni kujerar kansila nake nema ko ciyaman. Uwargida kuma, da ta fi ni hankali, ta ce, "Malam, a wannan zamani da ake bin mutane har gida a ƙasar Faskari da Sabuwa, ka daina wanke motar nan." Na daina. Tun daga nan take yawo da ƙurarta, ni ma na fi samun barci.

Wata rana ina kakkaɓe ƙarƙashin kujera na tsinci wata roba mai faɗin baki da mariƙi. Na kai wa uwargida, ta ce ta yi kyau da kankare ƙanzo. Sai da ɗana na sakandare ya duba a waya muka san ta kankare ƙanƙara ce daga gilashi. Tare da ita akwai wata 'yar takardar gareji, ta juyen baƙin mai, da ke nuna an yi wa motar juye tana da mil 211,000. Na kalli takarda, na kalli mita. Na yi lissafi na ga tsohuwar nan, bayan ta gama zuwa cocin, da baya-baya ta riƙa komawa gida har mil dubu ɗari da ashirin da biyu suka goge.

Na haɗiye wannan ban gaya wa kowa ba. Abin da ya kasa haɗiyuwa shi ne na azumi.

Azumin 2023 ya faɗo a tsakiyar zafin Afrilu. Aka aiko daga Malumfashi cewa surukina zai zo Funtua ta'aziyyar wani tsohon abokinsa, tun zamanin da suke kai auduga injin gurza. Na ce wannan ai ranata ce. Na karya dokar uwargida na wanke mota, na isa ƙofar gidansa da hantsi, na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa gaba. Ƙanen uwargida ya shiga baya. Kafin mu tashi na kunna esi, sannan idona ya faɗa kan wani maɓalli kusa da giya, mai hoton kujera da wasu layuka suna tashi kamar hayaƙi. Na ce lallai wannan na turare ne. Na danna na gefen Baba, don girmamawa.

Mun ɗan yi tafiya sai na ga Baba ya gyara zama. Na ce, "Sannu, Baba." Ya ce, "Yawwa." Can ya sake gyarawa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ƙara esi. Yaron da ke baya ya ce, "Yaya, a ɗan rage, sanyi ya yi yawa." Na saci kallon Baba, na ga gumi na bin gemunsa, carbi na gudu a hannunsa kamar ana binsa bashi. Tsakanina da shi akwai kunya, shekara goma sha shida ban taɓa jin ya kira sunana ba, shi ma ba zai buɗe baki ya ce motar surukinsa na da aibi ba. Ya kama mariƙin da ke saman ƙofa ya ɗaga jikinsa, ya koma zama a kan cinya ɗaya. In ta gasu ya juya ɗayar, kamar mai tsire.

Sai da muka shigo Bakori ya waiwaya baya, ya ce wa yaron cikin sanyin murya, "Kai, tambayi yayanka, ko injin motar nan a ƙarƙashina yake?"

Na taka birki. Baba ya fita ya tsaya a gindin wata bishiya yana fifita bayan rigarsa, wadda ta jiƙe sharkaf har ta manne. Na taɓa kujerar, na ji kamar tanda an sauke waina. Aka yi musaya, Baba ya koma baya, yaron ya dawo gaba yana murna. Ba mu yi minti biyar ba ya fara ihu. A Funtua wani yaro mai gyaran waya ya leƙo, ya danna maɓallin da yatsa ɗaya, ya ce, "Na ɗumama kujera ne, don ƙasashen sanyi." Ya karɓi naira ɗari biyar, kuma ina jin dariyarsa har na sha kwana. Baba a motar haya ya koma.

Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Tankin motata lita sittin yake ci. Abin da nake cika shi da dubu goma sha biyu ko sha uku ya koma sama da dubu talatin cikin kwana uku. Masarar da na sayar don in sayi motar kuwa, kafin a yi sabuwa ta ninka kuɗinta. Maƙwabcina ya daina ɗumama tasa da safe. Wannan kaɗai na ci riba.

Duk da haka zuciyata na da abin riƙewa. Na ce bari damina ta zauna, a ga ranar fowil.

Ƙarshen Yuli na loda yuriya buhu shida, zan kai gona a zuba taki na biyu. An kwana ana ruwa. A bakin wani kwari na tarar da 'yan acaɓa sun tsaya suna naɗe wando. Ɗaya ya ce, "Alhaji, kar ka shiga, jiya kwarin nan ya riƙe Kanta har magariba." Na sauke gilashi rabi na ce, "Wannan ba Kanta ba ce, samari." Na danna maɓallin fowil, na yi bisimilla, na shiga.

Mun yi kamar taku goma. Daga nan gaba ya nutse, tayoyin gaba suka shiga juyawa suna feshin taɓo har saman rufi, mota ko motsi. Na ƙara wuta, ta ƙara zama. Yaran ƙauye suka taru, kamar daga ƙasa suke tsirowa. Wani ɗan ƙarami mai tallan gyaɗa ya tsuguna ya leƙa, ya ce, "Baba, na bayan fa ba su sa hannu ba." Na fito, taɓo ya karɓi takalmina ɗaya bai dawo da shi ba har yau. Na sa wani ɗan acaɓa ya taka totur ina kallo. Tayoyin baya suna tsaye cik, kamar baƙi a gidan makoki.

Aka ce a sauke kaya. A buhu na huɗu wani ya zame, buhun ya fashe a cikin ruwa, na tsaya ina kallon yuriya tana narkewa kamar sukari a koko. Ciyawar kwarin nan ba ta taɓa yin kore irin na waccan daminar ba, duk wanda ya wuce sai ya yi magana.

Wanda ya cece ni maƙwabcin gonata ne, dattijon da watanni kaɗan da suka wuce na ba shi shawara ya sayar da shanun huɗarsa ya shigo zamani. Ya kwance garma, ya zo da bijimansa biyu, ya ɗaura igiya bai ce uffan ba. Tsawa ɗaya ya yi musu, suka sunkuyar da kai, mota ta fito tana tsiyayar laka kamar an ciro kaza daga rijiya. Na ciro kuɗi, ya ƙi karɓa. Yana naɗe igiyarsa ya ce, "Taka ƙafa nawa ka ce ke ja?" Na ce huɗu. Ya ce, "To. Nawa takwas ne, kuma duk suna zuwa aiki."

Washegari bakanike ya hau da ita kan rami, ya shiga da tocila, ya daɗe shiru. Can ya ce, "Alhaji, sauko ka gani da idonka." Ranar na fara ganin cikin motata, wata bakwai da saye. Ya haska mini wani dogon fili daga giya zuwa tayoyin baya. Ya ce nan furofela take zama, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji baya. In ta fara kuka, gyaranta da tsada, sai a kwance ta a ajiye, mota ta ci gaba da tafiya da tayoyin gaba, wanda bai leƙa ba ba zai sani ba sai ranar laka. Ya matsa kan salansa ya nuna mini ɗinkin walda. Tukunyar tace hayaƙi, wadda su ke kira indomi, an yanke ta an jona bututu, saboda akwai ƙarafa masu tsada a cikinta da ake saye. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙasan motar, tsatsa ta zubo mini a ka. Ya ce a garuruwan ƙanƙara gishiri suke watsawa a titi don ya narkar da ita, shi ke cin ƙarfe. Gishiri, a titi! Na tuna yadda uwargida ke auna shi da murfin kwalba.

Ba zan ci amanar motar ba. Injinta lafiya lau, bai taɓa ajiye ni a kan kwalta ba, kuma kayanta ba sa wuya, abin da babu a Funtua akwai shi a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Hannuwan da ta bi kafin ta iso gare ni su suka yi mata fiɗa, kowa ya yanki rabonsa, ni kuma na yi cinikin biri a sama saboda kar shadda ta taɓa ƙasa. Na je Ƙofar Ruwa na sayo furofela, bakanike ya juya ta ya ce ba mamaki ma tawa ce ta asali. Da aka zo ɗaurawa sai aka ga abin da take kamawa a baya shi ma ya mutu, kuɗinsa kuma ya kai takin kadada guda. Tana nan jingine a zaure, uwargida na tokare ƙofa da ita in ana iska. Babur ɗin da na yi wa ƙanena kyauta ranar da na sayi mota, na je da daddare na aro shi, har yau ban mayar ba.

Da hunturu ya kankama, wata Asabar aka aiko daga Malumfashi wai Baba na nemana, kuma in zo da motar. Gabana ya faɗi, don tun ranar Bakori gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na zuba mai lita goma ina jin zafinsa har haƙori, na isa da sassafe, hazo ya rufe gari. Baba ya fito a naɗe da bargo, yana dafe da ƙugu. Na buɗe masa baya, ya wuce ya buɗe gaba da kansa ya zauna. Na tambayi yaron ina za mu, ya ce ba ko'ina. Baba ya nuna maɓallin da bakin carbi.

Minti arba'in muka yi a ƙofar gida, inji na aiki, allurar mai na sauka a kan idona, Baba ya lumshe ido yana sauraron labarai a 'yar rediyonsa. Da ya fito ya miƙe tsaye sosai, ya yi taku uku ba dafa ƙugu, sai ga wasu dattawa biyu sun taso daga kan dakali suna gyara mayafi. Baba ya juya wajen yaron.

"Ce wa yayanka Allah ya yi albarka. Ran Juma'a ya zo da wuri, Liman ma bayansa na damunsa."