Ire-iren Masu Kyamara a Tafiyar Kasuwanci Zuwa Kudu Maso Gabashin Asiya

Biranen Bankok, Kwala Lamfur, Singafo, Jakarta da Hanoi suna karɓar baƙi da yawa da ke zuwa taron kamfani, baje koli ko sarin kaya. A cikinsu akwai waɗanda son ɗaukar hoto ya shiga jininsu. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma waɗannan bayin Allah sai sun gwada. Ana iya kasa su gida shida.

Na farko shi ne Sarkin Kaya. Jakar kyamararsa ta fi akwatin tufafinsa nauyi, domin akwai kyamara biyu, gilasai kala-kala da sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku. Babban abokin gabarsa shi ne yanayin yankin, wanda zafi da laima suka haɗu a cikinsa. Da ya fito daga sanyin otal, sai raɓa ta lulluɓe gilashin, ya tsaya yana goge-goge har abin da zai ɗauka ya wuce. Kafin gilashi ya washe kuma hadari ya haɗu. Daga nan sai ya zarce Low Yat Plaza a Kwala Lamfur ko Sim Lim Square a Singafo ya ƙara sayen wani gilashin, wai na farkon ne bai iya aiki ba.

Na biyu shi ne Ɗan Sammako. Ya yi imani cewa hasken kirki na fitowar rana ne kawai, sauran duk ɓata lokaci ne. Tun duku-duku yana bakin kogin Chao Phraya a Bankok, ya saita kyamara yana fuskantar hasumiyar Wat Arun. Hoton yakan yi kyau, babu musu. Matsalar tana fitowa ne da hantsi a ɗakin taro, inda akan gan shi yana gyaɗa kai a kai a kai. Abokan ciniki sukan ɗauka amincewa yake yi da farashi, alhali gyangyaɗi ne.

Na uku shi ne Mai Neman Shaida. Gari bai dame shi ba, burinsa mutanen gida su tabbatar ya je. Matattararsa ita ce gindin tagwayen benayen Petronas na Kwala Lamfur, masu hawa 88 da tsawon mita 452, waɗanda suka fi kowane gini tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Shigar da mutum da ginin cikin hoto guda sai mai ɗauka ya kwanta ƙasa, don haka wannan aiki yakan faɗa kan ƙaramin ma'aikacin da ya rako shi. A Singafo kuma yakan kama ɗakin kwana ɗaya a Marina Bay Sands saboda wurin ninƙayar da ke hawa na 57, wanda sai baƙin otal ɗin ake bari su shiga. Bai iya ruwa ba. Yakan tsaya a gefe ne, ruwa iya ƙugu.

Na huɗu shi ne Mai Hana Ci. Da an kawo abinci sai ya ɗaga hannu ya ce kowa ya dakata. Zai juya faranti, ya matsar da cokali, ya miƙe tsaye, wani lokaci har ya hau kujera. Kafin ya gamsu, nasi lemak, wato shinkafar Malesiya da ake dafawa da madarar kwakwa, ta huce sarai. Yana da hotunan duriyan fiye da na iyalinsa, ɗan itacen nan mai ƙaya da aka hana shiga da shi jirgin ƙasan Singafo saboda warinsa, amma da wuya a ga ya kai shi baki.

Na biyar shi ne Mai Neman Asali. Dogayen benaye ba sa burge shi. Yana neman tsohuwa mai malfa, ko ɗan acaɓan da ya ɗaura kaji a bayan babur, kuma ba ya neman izinin kowa. Shi da ire-irensa suka cika lungun nan na Hanoi da jirgin ƙasa ke ratsawa daf da ƙofofin gidaje, har hukuma ta rufe shagunan shayin wurin a 2019 don gudun haɗari. A kasuwar Maeklong ta Tailan, inda 'yan kasuwa ke janye rumfunansu jirgi ya wuce su mayar, yakan yi ƙorafin cewa masu kyamara sun ɓata wurin, tasa kuwa tana rataye a wuya. A kogon Batu na Malesiya yakan hau matakala 272, ya ɗauki birrai, su kuma su ɗauki gorar ruwansa.

Na shida shi ne Alhajin Kwari, wanda idan aka kira shi mai hoto zai ce an raina shi. Wayar hannu ce kawai gare shi, fuskarta ma ta tsage. Yana yawo a kasuwar Pratunam ta Bankok ko Tanah Abang ta Jakarta yana ɗaukar yadi, takalmi da jakunkuna, yana turawa yaran shagonsa na Kano ta WhatsApp tare da saƙon murya: "Ku nuna wa Hajiya, in ta ce e, dila nawa?" Hotunansa a karkace suke, sau da yawa babban yatsansa ya rufe kusurwa guda. Duk da haka, a cikin rukunan shida, nasa ne kaɗai ke mayar da kuɗin jirgi.