Kowane Kare da Irin Maigidansa

Da can mafarauci da makiyayi da mai gona ne ke ajiye kare, kowa ya san aikin da dabbar take yi masa. Tun da ɓarayi suka ƙware a haura katanga, sai kowane gida mai get ya liƙa allo da hoton kare ya wage baki. Karnukan dai suna iya ƙoƙarinsu. Masu su ne abin kallo.

Ga Alhaji Na-fi-maƙwabci. Ya ji an ce na kusa da shi ya sayi Alseshan, shi kuwa ya rantse sai wanda ya fi shi girma. Aka kawo masa Kokeshiyan, karen da makiyayan duwatsun Kokasus suka raina don korar kyarkeci cikin ƙanƙara, gashi biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa. Aka sauke wannan bawan Allah a Sakkwato cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Tun ranar bai yi haushi ba. Yana kwance ƙarƙashin tankin ruwa, harshe a waje, ko ɓarawo zai fita da firji ba zai ɗaga kai ba. Yanzu an sa masa fanka, in an ɗauke wuta a tayar masa da janareta, abincinsa na wata ya ninka albashin maigadi. Mai horon da aka ɗauko daga Abuja kuma da Turanci ya koyar da shi, don haka Baba maigadi, wanda bai taɓa shiga aji ba, kullum da yamma za ka ji shi yana "Sidan! Kam hiya!" Da ya kai ƙara cewa, "Ranka ya daɗe, karen nan ba ya jin Hausa," sai Alhaji ya ji daɗi, ya ce ai ɗan waje ne. Gaskiyar magana kare bai san Turanci ba, bai san Hausa ba. Sauti yake riƙewa, da abin da ke biyo bayan sautin. Ka ce masa "tukunya" kana ba shi tsoka duk lokacin da ya zauna, cikin 'yan kwanaki "tukunya" ta zama zauna.

Wanda ya sayar wa Alhaji shi ma nau'i ne. Dillalin kwikwiyo bai taɓa sayar da ruwa-biyu ba, duk hajarsa tsantsa ce, uban yana gidan wani janar, uwar daga Jamus aka kawo ta. Alseshan na gaske, wanda Max von Stephanitz ya kafa wa ƙungiya a Jamus a 1899, kunnuwansa kan miƙe tun yana ɗan watanni. Na dillali shekara ta zagayo kunnuwa na reto, wutsiya ta nannaɗe irin ta karnukan bakin kasuwa. Ka koma masa, ya ce, "Haƙuri za ka yi yallaɓai, irin nasu a makare suke tashi."

Sai Malam Bulala, wanda ya yi imani babu abin da duka ba ya gyarawa. Kare ya tauna masa takalmi da hantsi, shi bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya ɗauki takalmin ya nuna wa kare, ya yi masa wa'azi, sannan ya zane shi. Matsalar ita ce kare yana haɗa lada ko hukunci da abin da ya yi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da suka wuce. Takalmin hantsi ya daɗe da fita daga kansa. Darasin da ya ɗauka shi ne: in an ji ƙarar babur ɗin maigida, duka na tafe. Gobe da ya ji babur sai ya sunkuyar da kai ya cusa wutsiya, Malam Bulala ya ce, "Ka gani ko? Ya san laifinsa." Tsoro ne kawai, kuma takalmi na biyu na nan tafe. Mutumin nan ne zai kira kare, kare ya zo, ya dake shi saboda ya yi jinkiri, sannan ya yi ta mamakin me ya sa ba ya amsa kira.

Ƙanensa a wannan makaranta shi ne mai neman zafi. Ya kulle kwikwiyo a keji mai duhu don kada ya saba da mutane, yana barbaɗa masa barkono a tuwo wai ya ƙara faɗa. Makonnin da kwikwiyo ke koyon wane ne mutum, wace ce akuya, mene ne yaro, daga kamar mako 3 ne zuwa 12. Wanda ya yi su a duhu ya fito yana tsoron komai, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo. Ɓarawo ba ya zuwa kullum. Masu zuwa kullum su ne almajirin gidan, da mai kawo ruwa, da surukar maigida.

Akwai kuma wanda ya yi digirinsa a YouTube. Shi ba ya duka, amma ya ji an ce dole ka zama shugaban garke. Ba ya barin kare ya riga shi fita ƙofa, ba ya ba shi abinci sai ya ci a gabansa, wani lokaci har ya kayar da shi ƙasa ya danne yana zare masa ido, yara na leƙe ta taga. Wannan ra'ayi ya samo asali ne daga nazarin kyarketai da aka tara a killace. David Mech, masanin Amurka da littafinsa na 1970 ya yaɗa shi, da kansa ya dawo a 1999 ya bayyana cewa garken kyarkeci a daji uwa ce da uba da 'ya'yansu, babu wani juyin mulki. Labarin bai iso wurin mutuminmu ba. Yana can yana kokawar sarauta da dabbar da duk burinta ƙanzo.

Wanda na fi jin tsoro shi ne mai cewa, "Shigo kawai, ba ya cizo." Yana faɗa yana riƙe da sarƙa da hannu biyu, ƙafafunsa na jan ƙasa.

In ana neman gwani, a je wurin mafarauci. Bai taɓa sayen buhun abincin kare ba, amma dubi yadda yake aiki. Kwikwiyo yana bin manyan karnuka daji tun yana ƙarami, ya saba da ganga da ƙaho da hayaniyar mota. Ranar da ya kama zomonsa na farko, nan take a wurin ake farke ciki a jefa masa rabonsa, ba a jira a dawo gida. Abin da masu horo na zamani ke karɓar kuɗi su koyar ke nan: lada a kan lokaci. Karensa siriri ne, gajeren gashi, dogayen ƙafafu, an halicce shi don wannan rana tamu. Danginsa na wajen Buzaye, Azawak na kwarin Azawag tsakanin Nijar da Mali, Turawa sun kwashe shi tun shekarun 1970, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi masa rajista a 2019, ana sayensa da tsada can, mu nan muna jifan ɗan'uwansa da dutse. Aibin mafarauci biyu ne. Na farko baki: kowane karensa ya taɓa tarar kura shi kaɗai. Na biyu suna, don ba ya raɗa wa kare suna sai da habaici. Ya sa masa Ba-ruwanka ko Ta-ishe-su, ya tsaya daidai ƙofar wanda suke 'yar tsama ya yi ta ƙwala kira, in an tanka ya ce shi da karensa yake.

Na ƙarshe ya fi kowa yawa: mai kare da ba shi da kare. Ka tambaye shi, ya ce, "Wa? Ni? Na yara ne." Shi ke zuba masa sauran tuwo, da dare in ya ji yana haushi ya gyara kwanciya da murmushi, amma ranar da karen ya ciji ɗan maƙwabta ba a taɓa ganinsa a unguwar ba. Daga nan sai masu ba da shawara su taru, wani ya ce a tsige gashin karen a ɗora a ciwon. Nan wasa ya ƙare. Kusan duk ciwon haukan kare da ke kama mutane daga cizon kare yake, kuma in alamunsa suka bayyana, da wuya a tashi. Abin yi shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Rigakafin karnukan kuwa a nan gida ake yin sa, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Ko Kokeshiyan gare ka, ko Ba-ruwanka, ko wanda kake cewa na yara ne, ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurarsa ta bana.