Bawana Babarbare zai sayi motar caji

Bawana, na amsa gaisuwarka tun ba ka aiko ta ba, don na san nauyin baki ne irin na bawa a gaban ubangidansa. Labari ya iso ruga cewa kana ta kai-komo a Yerwa kana neman mai sayen tsohuwar motarka, wai ta lantarki za ka saya. Aka ce har ka fara cika baki a majalisa, kai da gidan mai haihata-haihata, kuma wai kai ne za ka ceci duniya daga ɗumamar yanayi. To tunda bawa da abin hannunsa duk na ubangidansa ne, kuɗina za ka kashe, dole in sa baki.

Akwai abin da ba na son faɗa a gaban Babarbare, amma gaskiya ɗaya ce: kun riga mutane da yawa farkawa a wannan harka. Ɗanku Mustapha Gajibo na kamfanin Phoenix Renewables ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana dasa musu batir, ana cajinsu da hasken rana, suna jigilar mutane a cikin Maiduguri. A Disambar 2023 kuma Shugaba Tinubu ya je har garinku ya ƙaddamar da motoci 107 da gwamnatin Zulum ta samar, wasu na gas, wasu na lantarki. Sai dai kada kanka ya kumbura har hular Zanna ta ƙi shiga. Jelani Aliyu, ɗanmu na Sakkwato, shi ya zana Chevrolet Volt da General Motors ta nuna wa duniya a 2007, lokacin kai ko wayar salula sai yaranka sun sa maka a caji. Tashar cajin mota mai aiki da rana ta farko a ƙasar nan ma a Jami'ar Usmanu Danfodiyo aka buɗe ta, a 2021.

Yanzu zauna mu yi lissafi, ka ajiye goron nan tukuna. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Ƙaramar mota tana shan lita 7 zuwa 8 a tafiyar kilomita 100. A wancan farashi, naira 7,000 zuwa 8,000 ke nan. Ta lantarki mai girmanta tana cin yunit 15 zuwa 18 a wannan tafiya, kuma ko da farashin wutar 'yan rukunin A aka sayar maka, naira 225 da aka yanka a Afrilun 2024, abin bai wuce 4,000 da 'yan kai ba. Rabi ke nan. Dalilin ba wani boka ba ne. Injin fetur zafi yake mayar da mafi yawan man da ka zuba masa, abin da ke isa taya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, sauran ya bi lagireto da salansa. Ita kuwa ta lantarki fiye da kashi uku cikin huɗu na wutar da ta sha take kai wa taya, in ka taka birki ma sai ta mayar da wani abu cikin batir. Ba juyen baƙin mai, ba canjin fulogi, ba wankin kafireta.

Na ga ka fara murmushi har tsagen fuskarka na motsi. Dakata, wannan ribar ba taka ba ce. Ta mai keke Napep ce. Tun da aka hana babura a Maiduguri a 2011, keke ke ɗauke da garin. Dubi yaron da ke fita bayan asuba: ya sayi mai kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya, ya yini yana zagaye tsakanin Fos Ofis da Kwastam da tashar Baga, azahar ta yi kuɗin mai yake fanshewa, la'asar ta yi balas ɗin mai keke yake haɗawa, abin cefanensa sai abin da ya samu daf da magariba. Tafiyarsa gajeru ce amma ba ta ƙarewa, kuma inda ya tashi nan yake kwana. Irin wannan kowace kilomita da ya yi da batir kuɗi ce ta koma aljihunsa, kuma tsadar sayen keken ba za ta daɗe ba ta biya kanta. Kai fa? Daga gida sai ofis, daga ofis sai Kasuwar Monde sayen turaren wuta, ranar Juma'a masallacin Shehu. Rarar miliyoyin da za ka ɗora a kan farashin mota mai fetur, da wannan 'yar tafiyar taka sai gemunka ya yi fari fat ba ka fanshe ta ba.

Sannan ina wutar? A nan ba zan yi maka dariya ba, don kun ga jarrabawa. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka tayar da turakun layin Damaturu, aka gyara a watan Maris suka sake tayarwa, gari guda ya zauna cikin duhu wata da watanni. Sai a Maris ɗin 2023 Shugaba Buhari ya buɗe muku tashar gas mai megawat 50. Allah kada ya maimaita. Amma ko a inda ba a taɓa turaku ba, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana rabon megawat 4,000 zuwa 5,000 ne. Kana jin ana cewa a Norwe kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a 2024 na lantarki ne, ko Habasha ta hana shigo da motocin gida masu fetur a 2024 ɗin, sai jikinka ya hau ɓari. Waɗancan madatsun ruwa suke taƙama da su. Ita Habasha ma ba ta da mai, dala take zubarwa ta sayo, wutar kuwa daga koginta take.

Na san abin da za ka yi, don ni na rene ka. Daren da aka ɗauke wuta, mota tana kashi 10 cikin ɗari, za ka miƙa wa yaro galan ka ce ya ruga wurin 'yan bumburutu. A jawo janareta bakin gareji, a yi ta fizgar igiya har ya tashi, a jona masa motar miliyoyi. Ya kwana yana ruri, hayaƙin da ka hana salansa fitarwa yana shiga tagar uwargida, da safe ka saka babbar riga ka fita shiru kamar ba kai ba, kana ɗaga wa mutane hannu a matsayin mai kishin muhalli. Ƙaramin janareta kuwa ba ya tausayin mai, ka sayi fetur ɗin da ka rantse ka rabu da shi, ka ƙara da asarar da ake yi a hanyar caji.

Mafitarku tana bisa kanku, don Allah ya ba ku rana har ta yi muku yawa. Farantin sola mai wat 500 yana ba da yunit biyu da wani abu a yini, uku ko huɗu sun ishi zirga-zirgarka ta cikin gari. Matsalar ita ce lokacin da rana ke dukan rufin gidanka motar tana ofis, lokacin da ta dawo rana ta faɗi. Ko dai ka sayi wani batir na ajiya a gida, ko a kafa farantan a inda motoci ke yini. Shi ya sa tashar caji ta haɗaka a bakin tasha ko kasuwa ta fi ta gidan mutum ɗaya ma'ana.

Ranar kuma ba kyauta take ba ku ba. A watan Afrilu zafin garinku yana haye digiri 40, batir kuma zafi ne ke saurin tsufar da shi. Kamfanoni kan ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, amma ga wanda ya sayi sabuwa. Kai da na sani 'yar Kwatano za ka nema, wadda wani Bature ya riga ya tatse. Ranar da ta yi gardama, bakanikenka da ya saba kara kunne a inji ya gane ciwo zai buɗe gaba ya ga ba inji. Abin da ke ƙarƙashin kujerun nan wuta ce mai ƙarfin bolt 400, ba a lalubenta da sifana.

Batun ceton duniya kuwa, rage murya. Ƙera batir yana fitar da hayaƙi mai yawa, saboda haka motar lantarki da bashi take fitowa daga masana'anta, sai ta yi shekara ɗaya ko biyu ana morarta sosai kafin ta biya ta fara riba. Ka ga nan ma mai keke ya riga ka. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya daga Kongo yake fitowa, inda ake samun har yara a ramukan haƙa, ko da yake yanzu ana yin batura da yawa da ba sa buƙatarsa. Litiyom kuma ga shi ana rububinsa a jihar Nasarawa. Sannan hayaƙin da ɗan Najeriya ɗaya ke fitarwa a shekara bai kai tan guda ba, na Ba'amurke ya haye tan 13. Motarka ba za ta dawo da ruwan Tafkin Chadi ba. Wanda zai ji bambanci shi ne huhun yarinyar da ke tallar gyaɗa a shataletale, wadda ke yini tana shaƙar abin da kekuna ɗari suka amayar.

Na san za ka ce gyatsar shanuna ma tana ɗumama duniya. Haka ne, masana sun faɗa. Amma ban taɓa ganin ka mayar da ƙwaryar kindirmo ba, kuma har gobe Barebari ba su daina sintiri a rugarmu neman aure ba.

Ga hukuncin ubangida. Ka bar tsohuwar motarka ta ci gaba da kai ka Kano, don kilomita kusan 600 ce, yawancin motocin lantarkin da aljihunka zai iya ba sa wuce 300 zuwa 400 a caji ɗaya, balle ka kunna sanyi. Kuɗin kuma ka sayi keken lantarki biyu, ka kafa farantai, ka ba samarin unguwa su nemi abinci. In kuwa taurin kan Barebari ya motsa ka sayi ta lantarkin, ta mutu maka tsakanin Potiskum da Azare, kada ka ji kunya, ka aiko. Zan turo bijimai biyu su ja ka, ladansu kwandon bandar Baga, kuma a gaba ake biya.